Gidan haya a yammacin Zamfara: Shin sai mai albashi ne zai samu wurin kwana?

Duk wanda ya taɓa bin dillali neman gidan haya a Gusau ko Anka ko Gummi ya san cewa kafin a buɗe masa ƙyaure ya leƙa ɗaki, akwai tambayar da za a fara yi masa: "Malam, wace sana'a ake taɓawa?" A zahiri tambaya ce irin ta gaisuwa, amma amsarta ce ke yanke hukunci. Idan ya ce yana aiki a banki ko wata hukumar Gwamnatin Tarayya, nan take za a lalubo makulli. Idan kuwa ya ce manomi ne da ya baro ƙauye, ko mai haƙar zinare, ko ɗan tireda, ko mace ce da mijinta ya rasu tana riƙe da marayu da taimakon 'yan uwa, sau da yawa sai a ce ai an riga an kama ɗakin tun jiya da yamma.

Abin lura shi ne, ba a ma kai ga tambayar ko yana da kuɗin ba. Abin da aka auna shi ne inda kuɗin ke fitowa. Wannan ɗabi'a ta fifita mai neman haya ko ƙin sa saboda hanyar samunsa ta daɗe da zama abin muhawara mai zafi a majalisun dokoki da kotunan Amurka da Birtaniya, inda ake kafa dokokin hana ta, masu gidaje kuma suna yaƙar dokokin iya ƙarfinsu. A nan gida ko suna ba mu raɗa mata ba tukuna. Sai dai halin da yammacin Jihar Zamfara ke ciki ya sa kau da kai ba zai yiwu ba, domin a yankin da rashin tsaro ya kwashe mutanen karkara ya zuba su a garuruwa, batun wa za a ba haya ya koma batun wa zai kwana a ɗaki, wa zai kwana a kango.

Daga Tungar Daji zuwa cikin gari

Tungar Daji ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Anka, kuma duniya ta fara jin sunansa ne a 2010, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma ce ke kashe ƙananan yara a yankin. Gubar ta fito ne daga duwatsun zinare da ake kawowa cikin gidaje ana daka su ana niƙawa. Ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da Abare da Dareta da Sunke da Duza da Tungar Daji da Bagega a Anka, sai 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 ne suka rasu. An kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, aikin da bai kai Bagega ba sai a 2013.

Wannan tarihi yana nuna abu guda da ya shafi batunmu: tattalin arziƙin waɗannan ƙauyuka ya doru ne a kan noma da kiwo da haƙar ma'adinai, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke ba mutum takardar albashi a ƙarshen wata.

Bayan dalma sai bindiga. A watan Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara bisa hujjar cewa harkar tana rura wutar ta'addanci, kuma ba a ɗage haramcin ba sai a Disamban 2024. A Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa aka rufe kasuwannin mako-mako na tsawon lokaci. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka da dama a Anka da Bukkuyum, inda gwamnatin jihar ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin kuma suka ce adadin ya kai kusan 200. A garin Anka, filin da ake gina sabuwar fadar sarki ya zama sansanin 'yan gudun hijira shekara da shekaru. Kamar hakan bai isa ba, a Agustan 2024 ambaliya ta rusa gidaje masu yawa a garin Gummi, ta mayar da wasu masu gidajen kansu 'yan neman haya.

Sakamakon a bayyane yake. Masu neman ɗaki sun ƙaru, ɗakunan ba su ƙaru daidai da su ba, kuma mafi yawan sababbin masu neman ba su da irin shaidar da mai gida ya saba nema. Ba kowane wanda ya baro ƙauye ne ya iso gari hannu rabbana ba. Akwai wanda ya sayar da shanunsa kafin a kore su, akwai mai 'ya'ya a Legas ko Abuja da ke turo masa kuɗi, akwai wanda ya koma dako ko kabu-kabu ko saye da sayar da hatsi yana samun na yau da gobe. Irin waɗannan suna iya biyan haya. Abin da ba za su iya ba shi ne nuna sunan ma'aikata.

Kuma ba su ne 'yan tsiraru ba. Binciken ƙwadago na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna ɓangaren da ba na ofis ba ne. Ma'aunin da ya ce sai mai albashi, ma'auni ne da ya zubar da mutum tara cikin goma.

Rariya uku da ake tace mai neman haya

A aikace, tacewar tana bi ta matakai uku. Na farko ita ce tambayar sana'a da asalin gari, wadda dillali ke yi tun a bakin hanya. Na biyu shi ne kuɗin shekara guda a dunƙule, wani wurin ma shekara biyu, ga la'adar dillali, ga kuɗin rubuta yarjejeniya. Na uku shi ne a kawo wanda zai tsaya, kuma akasari ana son ya kasance babban ma'aikaci ko sanannen mutum a garin, abin da baƙo ba shi da shi.

Rariya ta biyu ta fi kowace kaifi, domin ba ta buƙatar mai gida ya furta kalmar ƙi. A ce, don misali kawai, hayar ɗaki biyu Naira dubu 240 ce a shekara. Mai shago a kasuwar Gummi da ke iya ware Naira dubu 20 duk wata ba tare da ya ji a jikinsa ba, idan aka ce ya kawo dubu 240 rana ɗaya, sai ya yanki jarinsa. Manomi kuwa kuɗinsa na zuwa ne da kaka. Idan wa'adin haya ya faɗo a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zai bayyana a matsayin wanda ba ya iya biya, alhali bayan wata uku zai iya.

Kada ma'aikacin gwamnati ya ɗauka ya tsira. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 Naira dubu 70 ne a wata, kuma ana biyan sa ne wata-wata, amma ana neman haya shekara-shekara. Ƙaramin ma'aikaci kan cike wannan giɓi ne da bashin banki ko na ƙungiyar taimakon juna ta ofis, ya shafe shekara ana yankar albashinsa, yana gamawa wa'adi ya sake zagayowa. Bugu da ƙari, su ma masu albashin aji-aji ne a idon mai gida: ma'aikacin tarayya yana gaba, malamin firamare da ma'aikacin ƙaramar hukuma suna baya saboda tarihin jinkirin albashi a jihohi da dama, ɗan fansho kuma yana can ƙarshen layi. Akwai ma masu gidajen da ke gudun lauya da ɗan sanda da soja, saboda tsoron cewa ranar da aka saɓa, fitar da su sai an sha wuya.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda al'ummarsa ko ƙabilarsa ko asalin garinsa ko jinsinsa ko addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Sana'a ko hanyar samun kuɗi ba ta cikin wannan jeri, kuma lafazin sashen ya fi karkata ga dokoki da ayyukan hukuma fiye da cinikin mutum biyu. Sashe na 16 ya ɗora wa gwamnati nauyin samar wa 'yan ƙasa matsuguni mai dacewa, amma yana cikin Babi na Biyu, wanda Sashe na 6 ya ce ba a kai ƙara kotu a kansa. Najeriya ta kuma amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan kare waɗanda rikici ya raba da muhallinsu a cikin ƙasarsu, amma yarjejeniya ba ta buɗe ƙofar gidan haya.

Harkar haya tsakanin mai gida da ɗan haya hurumin jihohi ce. Ke nan Majalisar Dokokin Jihar Zamfara na da ikon yin doka a kai ba tare da jiran Abuja ba. Kafin ta yi, akwai darussa biyu na cikin gida.

Na farko daga Legas. A 2011 Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a dokar haya wadda ta haramta karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, da fiye da na wata shida daga wanda ke zaune yana biya wata-wata. Hukuncin saɓawa shi ne tarar Naira dubu 100 ko ɗaurin wata uku. Amma dokar ta zo da raunuka biyu. Ta cire unguwannin Apapa da Ikoyi da Victoria Island da rukunin gidajen gwamnati na Ikeja, sannan ta mayar da ɗan hayan da ya biya kuɗin da ya wuce ƙa'ida mai laifi kamar wanda ya karɓa. Wa zai kai ƙarar da shi ma za ta ci shi? Shi ya sa bayan fiye da shekara goma, har yau ana neman kuɗin shekara biyu a Legas ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Na biyu daga Majalisar Dattawa. A 2022 Sanata Smart Adeyemi daga Kogi ya gabatar da ƙudirin da zai taƙaita kuɗin da ake biya tun farko a Babban Birnin Tarayya zuwa wata uku, daga nan a riƙa biya wata-wata. Ƙudirin ya tsallake karatu na biyu. Masu adawa da shi, a ciki da wajen majalisa, suka ce kasuwa ce ya kamata ta yanke, ba doka ba, kuma wanda ya ci bashi ya gina gida ba zai iya jiran kuɗi ɗigo-ɗigo ba. Majalisa ta Tara ta kammala wa'adinta a 2023 ƙudirin bai zama doka ba.

Yadda ta kaya a Amurka da Birtaniya

A Amurka lamarin ya juya ne baibai idan aka kwatanta da namu. Can wanda ake ƙi shi ne wanda gwamnati ke taimaka wa. Tun 1974 akwai shirin da ake kira Sashe na 8, inda talaka ke biyan kusan kashi 30 cikin 100 na samunsa a matsayin haya, gwamnati ta cike ragowar kai tsaye ga mai gida. Iyalai fiye da miliyan biyu ne ke riƙe da takardar wannan tallafi. Sai dai dokar tarayya ta 1968 da ta hana wariya a harkar gidaje ba ta ambaci hanyar samu ba, saboda haka mai gida na iya rubutawa ƙarara cewa ba ya karɓar masu takardar.

Jihohi da birane ne suka riƙa cike giɓin ɗaya bayan ɗaya. Massachusetts ta fara a 1971, birnin New York ya bi a 2008, jihar New York da California kuma suka yi tasu a 2019. Wani bincike da cibiyar Urban Institute ta fitar a 2018 ya nuna bambancin da dokar ke kawowa. A Fort Worth, inda babu dokar, kashi 78 cikin 100 na masu gidajen da aka tuntuɓa sun ƙi masu takardar tallafi, a Los Angeles kashi 76. A Newark, inda akwai dokar, kashi 31 ne suka ƙi, a Washington kuma kashi 15.

Ƙungiyoyin masu gidaje ba su naɗe hannu ba. Dabarar da ta fi yi musu aiki ita ce tsallake majalisar birni su tafi ta jiha. Birnin Austin ya kafa dokarsa a ƙarshen 2014, a 2015 majalisar jihar Teksas ta ƙwace wa birane ikon yin irin ta. Iowa ta yi haka a 2021. A 2024 majalisar Kentucky ta rusa dokokin biranen Louisville da Lexington, duk da cewa Gwamna Andy Beshear ya hau kujerar na-ƙi. A jihar New York kuwa kotu suka nufa, inda a 2023 wani alƙali ya amince da hujjar wani mai gidaje a garin Ithaca cewa tilasta masa karɓar masu tallafi tamkar tilasta masa ne ya buɗe gidajensa da takardunsa ga jami'an bincike ba tare da sammaci ba.

Akwai jihar da ta bi wata hanya. Da Oregon ta kafa tata dokar, wadda ta fara aiki a 2014, sai ta haɗa ta da asusun lamuni da a lokacin yake biyan mai gida har Dala 5,000 idan mai takardar tallafi ya yi masa ɓarna. Wato ta hana shi ƙi, amma ta ɗauke masa wani ɓangare na abin da yake tsoro.

A Birtaniya, wata kotu a birnin York ta yanke hukunci a 2020 cewa ƙin ba da haya ga duk mai karɓar tallafin gwamnati wariya ce a fakaice ga mata da naƙasassu, tun da su ne suka fi yawa a cikin masu karɓar tallafin. A Oktoban 2025 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar 'yan haya ta Ingila, wadda ta haramta ƙin masu tallafi da masu 'ya'ya, ta kuma taƙaita kuɗin da ake karɓa tun farko zuwa na wata ɗaya. Masu dokar sun fahimci cewa idan aka toshe rariya ta farko aka bar ta biyu, ba a yi komai ba.

Hujjojin masu gidaje

Rashin adalci ne a ɗauki kowane mai gida a matsayin azzalumi. Da yawa daga cikin masu gidajen haya a garuruwanmu tsofaffin ma'aikata ne da suka zuba kuɗin sallamarsu a bulo da kwano, ko zawarawa da magada da gidan ne kaɗai abin da aka bar musu. Ga irin waɗannan, haya ita ce fansho. Tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira, farashin siminti da kwano da katako ya yi tashin gwauron zabo, gyaran rufi ɗaya na iya cinye kuɗin wata da watanni.

Hujjarsu ta biyu ita ce jinkirin shari'a. Ɗan hayan shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida a bisa tsarin da aka saba a dokokin ƙasar nan, bayanta a ba shi ta kwana bakwai, sannan a shiga kotu, inda ɗage zama kan ja lamarin tsawon lokaci. Mai gidan da ya taɓa faɗawa wannan rami, wanda maciji ya sara ne, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Kuɗin shekara a dunƙule shi ne inshorar da ya ƙirƙiro wa kansa.

Hujja ta uku ta fi nauyi a Zamfara, wato tsaro. A 2022 Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu a dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga 'yan bindiga da masu kai musu bayanai. Dokar hana damfara ta tarayya ta 2006 ta tanadi ɗauri ga wanda ya bari da saninsa aka yi amfani da gidan da ke hannunsa wajen aikata damfara, kuma Hukumar EFCC ta sha jan kunnen masu gidaje a kan haka. Mai gida zai ce: hukuma ce ta ce in san wanda zan ba ɗaki, yaya kuma za ta dawo ta ce kada in tambayi inda yake samun kuɗi?

Tambaya ce mai ma'ana, kuma amsarta tana cikin dokokin Amurkan kansu. Abin da suka kare shi ne halastacciyar hanyar samu. Ba su hana mai gida tabbatar da cewa mutum zai iya biya ba, ba su kuma tilasta masa karɓar mai laifi ba. Abin da suka hana shi ne yanke wa jama'a guda hukunci a dunƙule. Akwai tazara mai nisa tsakanin "nuna mini yadda za ka biya" da "ba na ba mutanen ƙauye". Magana ta farko kariya ce ga dukiya. Ta biyu kuwa hukunta wanda aka kora daga gidansa ne a karo na biyu, saboda laifin waɗanda suka kore shi. Kuma ko ta fuskar tsaron, iyalin da aka tura kango ko tasha sun fi wahalar sanin halin da suke ciki fiye da waɗanda mai unguwa ya san ɗakin da suke kwana.

Hanyar da Zamfara za ta iya bi

Darasin Legas shi ne doka ba tare da hanyar aiwatarwa ba ado ce a takarda. Darasin Teksas da Kentucky shi ne dokar da aka yi ba tare da sauraron masu gidaje ba tana iya rushewa a zama guda. Darasin Oregon shi ne mai gida kan sassauta idan aka raba haɗarin da shi. Wannan na ƙarshe ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. A zamanin fataucin goro da shanu, daga zangon Kumasi zuwa Sabo ta Ibadan, inda masani Abner Cohen ya yi nazari a farkon shekarun 1960, maigida ne ke saukar da baƙon falke, ya ba shi masauki, ya tsaya masa a ciniki, ya lamunce bashi. Baƙo bai taɓa buƙatar takardar albashi ba, domin akwai tsarin da ke tsaya masa. Wannan tsari ne ya kamata a sabunta.

Da farko, doka ta fayyace cewa noma da kiwo da kasuwanci da sana'ar hannu da fansho da tallafin 'yan uwa ko na hukuma duk halastattun hanyoyin samu ne, kuma ta lissafa shaidun da za su tsaya a madadin takardar albashi: bayanin asusun banki, shaidar shugaban kasuwa ko ƙungiyar sana'a, ko rasidin hayar da mutum ya biya a baya.

Na biyu, a sa iyaka ga kuɗin da ake nema tun farko, a ba ɓangarorin biyu damar tsara biya wata-wata ko wata uku-uku ko da kaka, kuma hukuncin saɓawa ya tsaya kan mai karɓa da dillalinsa, don kada a maimaita kuskuren Legas.

Na uku, a kafa asusun lamunin haya ga waɗanda rikici ko ambaliya ya raba da gidajensu. Jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999 tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, ga ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Anka da Gummi. Lamunce wa iyali hayar wata uku ya fi sauƙi kuma ya fi mutunci a kan ciyar da su a sansani shekara biyar.

Na huɗu, a ba mai gida abin da yake kuka a kai: kwamitin sulhu ko kotun haya mai wa'adin yanke hukunci, yadda wanda ya ƙi biya da gangan ba zai fake da jinkirin shari'a ba.

Na biyar, rajistar 'yan haya a wurin mai unguwa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta hau kan kowa, darakta da ɗan dako, domin tantancewar da ake yi wa talaka kaɗai sunanta wariya.

Na shida, a yi la'akari da tsarin gidajenmu. Mutumin da ke zaune da iyalinsa a gida ɗaya da ɗan haya, zaure ɗaya, rijiya ɗaya, yana da haƙƙin zaɓen wanda zai haɗa da matansa da 'ya'yansa. Dokar Amurka ta 1968 ma ta sassauta wa ƙananan gidajen da mai su ke zaune a ciki. Nauyin dokar ya fi dacewa da masu gidaje da yawa da dillalan da suka mayar da haya sana'a.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai ƙara ko ɗaki guda a Anka ko Bukkuyum. Muddin masu nema sun fi ɗakunan yawa, mai gida zai ci gaba da zaɓe, kuma maganin dindindin shi ne zaman lafiyar da zai mayar da manomi gonarsa, tare da filaye da rance mai sauƙi ga masu son gina ƙananan gidaje. Amma kafin wannan rana ta zo, akwai iyalai da damina za ta sake tararwa a azuzuwan makaranta da gine-ginen da ba a kammala ba, wasunsu da kuɗin haya a aljihu.

Masu karanta wannan sharhi, 'yan kasuwa da ma'aikata, su ne masu gidajen, su ne kuma 'yan hayar, wani lokaci mutum ɗaya ya haɗa duka biyun. Mutanen Gummi da ambaliyar 2024 ta rutsa da su shaida ne cewa dare ɗaya ya isa ya mayar da mai gida mai neman ɗaki. Ya rage ga 'yan majalisar da ke wakiltar Anka da Bukkuyum da Gummi su kai batun zauren majalisa a Gusau, su kira masu gidaje da dillalai da sarakuna da su kansu 'yan gudun hijirar a zauna, kafin tambayar "wace sana'a ake taɓawa?" ta zama katangar da ta raba jihar gida biyu.